Kafin Ki Kai Motar Nan Jos

Auta,

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya raya mini ke har na ga ranar da za ki haɗa kayanki ki bar Gwaram. Amincinsa da rahamarsa su tabbata a gare ki. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina gaida maigidanki da ya riga ki yin gaba. Allah ya sa hanyar da za ki bi jibi ta zame miki shimfiɗa, ya kau da idon mugu daga kanki, ya sauke ki lafiya a ƙofar gidanki.

Za ki yi mamakin samun takarda daga wadda ɗakinta yake kallon naki. Gidan ne ya cika da 'yan sallama, kowa da nasiharsa, kowa yana so a ji muryarsa. Gwaggwanninki sun gama miki maganar girki da haƙuri da zaman aure, ba ni da abin ƙarawa. Ni maganar mota zan yi miki, kuma in na fara ta a gabansu dariya za su yi, su ce Hajiya Rabi ta tsufa ta koma bakanike. Su yi ta yi. Ni na san abin da na gani a cikin motar nan da na ba ki.

Abin da ya hana ni yin shiru ma, jiya ina jin ki kina waya da wani mutum, wai abokin abokin maigidanki ne, yana da gareji a Jos, yana cewa da kin iso ki kai masa motar ya duba ta gaba ɗaya. Wa ya ce masa ba ta da lafiya? Wa ya ba shi lambarki? Mutumin da bai taɓa jin ƙarar injinta ba, har ya san tana bukatar dubawa? Ke kuma kika ce masa, "To, na gode," da muryar nan taki mai laushi. Ina cin tuwo a lokacin, sai na ji ya fita daga raina.

Kina makarantar kwana lokacin da yawancin abin da zan faɗa ya faru, gutsi-gutsi kika ji shi. Yau ki ji shi a jere.

Da na yi ritaya daga asibiti, ginin kawai na bari, aikin ya biyo ni gida. Mata ba su daina haihuwa don Rabi ta ajiye farar riga ba. Daga ƙauyuka ake zuwa ana buga mini ƙofa, kuma ba abin da yake ci mini rai kamar in ga haihuwa ta zo da gardama, ta fi ƙarfin hannuna, a tsaya ana neman motar da za ta kai mace Birnin Kudu. Shi ya sa na sayi motar nan, 'yar Kwatano, na damƙa wa ƙanena, Kawunki Sale, makulli. Ni ban iya tuƙi ba, Babanku kuwa ko keke ya hau sai an bi shi da addu'a.

Ta yi mana aiki lafiya lau na wani lokaci, sannan ta fara shan ruwa. Kullum da safe Sale zai buɗe bonet ya tarar ruwan lagireto ya yi ƙasa, ya ƙara. Na sa aka share ƙarƙashinta tas, na duba da safe, ƙasa a bushe, ko ɗigo babu. Amma duk lokacin da na shiga na zauna a gaba, sai in ji shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafata da danshi, ga wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kamar alawa ta kama tukunya.

Nan take zuciyata ta tafi kan Sale. Na ce motar da take shan ruwa haka doguwar tafiya take yi ban sani ba. Danshin nan mai zaƙi kuwa, wani ne ya ɓarar da zoɓo. Wato Sale haya yake yi da motata a ɓoye. Na fara sa masa ido. In ya ce ya tafi sallah, in leƙa in ga ko motar tana nan. Na riƙa bugun cikin matan da suke zuwa wurina, ko sun taɓa ganinsa a hanya. Wata ranar kasuwa ya ce mini zai kai ta wanki, na bari ya fita, na yafa mayafin da bai san ni da shi ba, na bi bayansa. A bakin kasuwa na same shi, ya cika ta da mutanen garin Sara, yana ƙoƙarin rufe but ɗin motar a kan wata akuya.

Na ce, "Sale, ina ka ce mini za ka?"

Ya juyo, ya gan ni, hularsa ta kusa faɗuwa. "Yaya, wallahi wanki na kawo ta."

"Da akuyar za a wanke?"

Mutane suka fashe da dariya, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ya amsa laifinsa a gaban Babanku, ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba, kuma a iya sanina bai ƙara ba. Ni kuma na koma gida ina jin kaina, na kama ɓarawo. Ban ƙara bi ta kan danshin ba, tunda a ganina na riga na gano tushensa. Ya daina haya, shimfiɗar ba ta daina jiƙewa ba, amma sai na riƙa ce wa kaina tsohon zoɓon ne bai gama bushewa ba.

Kin ga wautata? Zatona ya zama gaskiya, amma gaskiyar wani abu daban. Na tafi neman inda ruwa yake zuba, na dawo da akuya. Da na durƙusa sau ɗaya na sa hannu a ƙarƙashin dashbod, da na ji ɗigon a yatsana. Na fi son in bi mutum a kasuwa da in durƙusa a cikin motata, don kama mutum ya fi daɗi. Ki kiyayi wannan, Auta. Duk wanda kika sa wa ido za ki same shi da wani laifi, tunda ɗan Adam ne. Kada laifin da kika samu ya mantar da ke wanda kika fita nema. Ko a mota, ko a wurin aikin da za ki fara, ko a cikin gidanki, in kin kama wani da abu, ki koma ki duba ko ɓarnar ta tsaya. In ba ta tsaya ba, ba ki gama ba.

Da shan ruwan ya yi yawa, sai muka kai ta wurin Ɗan'asabe, bakaniken nan na bayan tasha. Kin san shi, mai yawan fara'ar nan. Ni na karɓi haihuwar 'ya'yansa, ba ya kirana sai da Mama, in ya hango ni daga nesa zai ajiye sifana ya taho ya durƙusa. Na yi masa bayanin komai, har da danshi da ƙamshi. Ko ƙofar motar bai buɗe ba.

Ya ce, "Mama, wannan danshin ruwan sama ne yake bi ta robar ƙofa."

Na ce, "Ɗan'asabe, wane ruwan sama a tsakiyar bazara?"

"To na wanki ne. Ki bar wannan, Mama, ba shi ne ciwon ba."

Ya shiga shagonsa ya fito da wani gari a 'yar leda, ya kwance murfin lagireto ya zazzage shi a ciki. Ya ce garin bin ruwa yake yi, duk inda ya ga kafa sai ya toshe ta.

Na ce, "In ya toshe inda ba a so a toshe fa?"

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Haba Mama, ai garin yana da hankali."

Ni ma na yi dariya, muka taho. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji haushin kaina. Na yi tambayar da ta dace, aka ba ni barkwanci, na karɓa. Ni da na yi shekara da shekaru ina faɗa da masu ɗura wa mai naƙuda jiƙe-jiƙe ba tare da sun san abin da ya tare ɗan ba, ni ce na tsaya ana ɗura wa motata gari ba a san inda take yoyo ba. Me ya rufe mini baki? Kalmar Mama. Kunya ta hana ni in ce wa wanda ya durƙusa mini, tashi ka buɗe ƙofar nan ka duba.

Saboda haka ki ji da kyau. Duk wanda kika yi wa tambaya ya amsa miki da wasa, ki bari ya gama dariyarsa, ki sake yi masa ita yadda kika yi ta da farko. In ya sake kaucewa, ɗauki makullinki. Kuma ki fi yin hattara da wanda ya fi kowa girmama ki. Ban ce duk mai ladabi macuci ne ba, amma ladabi ba ya ɗaure noti. A Jos za su kira ki Hajiya, su kira ki Madam, su goge miki benci. Ki zauna a bencin, ki gode, idonki yana kan hannunsu.

Garin ya yi aiki na ɗan lokaci, ruwan ya rage sauka, har na fara sa wa Ɗan'asabe albarka. Sai wani sabon abu ya ɓullo. Da an tayar da mota sai gilashin gaba ya yi hazo daga ciki, wani hazo mai maiƙo, in ka goge da tsumma sai ya ƙara damewa. Wani lokaci har wani siririn tururi ne yake fitowa ta ramukan iska. Maƙwabciyarmu ta gani, ta riƙe baki, ta ce wannan ba aikin bakanike ba ne, an yi wa motar wani abu, tunda ba kowa ne yake son ganin mace da mota ba. Ba zan ɓoye miki ba, maganar ta shige ni. Na kwana biyu ina lissafa maƙiyana a zuci. Babanku ya zagaya motar ya yi addu'o'insa ya tofa, sannan ya ce mini, "Rabi, na yi nawa. Amma ni a ganina wannan motar ƙarfe ne yake damunta." Ban saurare shi ba, don na raina saninsa a kan abin hawa.

Ana cikin haka damina ta yi nisa. Wata rana da la'asar wani magidanci ya zo a kan babur, jiƙe sharkaf, daga wani ƙauye ta wajen Sara. Matarsa Hajara tun jiya take naƙuda, abu ya ƙi. Muka tafi da Sale. Ina taɓa cikinta na san ɗan a gicciye yake, kuma leɓɓanta sun fara canza launi. Na ce a ɗauko ta, Birnin Kudu za mu. Muka kwantar da ita a baya, kanta a cinyar uwar mijinta, ni na zauna a gaba ina juyowa ina riƙe da hannunta.

Ba mu yi nisa ba ruwa ya sake kecewa kamar da bakin ƙwarya. Dole muka rufe tagogi. Gilashin ya yi fari fat. Sale yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana goge gilashi da hularsa, yana leƙe ta wani ɗan wuri kamar tafin hannu. Sau biyu muna sauka daga kan kwalta.

Ya ce, "Yaya, ba na ganin komai."

Na tuna an taɓa ce mini iska mai zafi tana kore hazon gilashi. Na ce, "Kunna hita, ka kai ta ƙarshe."

Ya murɗa. Abin da na ji kawai shi ne wani sauti, fus, daga ƙarƙashin dashbod, sai tafasasshen ruwa ya kwararo mini a ƙafafu. Silifas ne a ƙafata. Auta, na ga azaba iri-iri a jikin mutane, ranar na ji tawa. Na cusa gefen mayafina a baki na cije, don na san in na yi ihu Sale zai firgita ya kai mu rami. Na ɗaga ƙafafun sama, tururi ya cika motar, tsohuwar da ke baya tana ta salati. Allurar agogon da ke nuna zafin injin ta haye har ƙarshe, injin ya fara wata irin ƙara, Sale ya gangara gefe ya kashe.

Muka tsaya a tsakiyar hanya, ruwa yana dukan rufin mota, Hajara ta daina ko nishi. Wannan shirun nata ya fi ƙunar ƙafata tayar mini da hankali. Na fita cikin ruwan, na tsaya a tsakiyar kwalta da ƙafafun da fatarsu ta fara tashi, na buɗe hannuwa. Allah ya kawo wata a-kori-kura ɗauke da buhuna. Direban ya yi niyyar kauce mini, na ƙi matsawa. Da ya ga abin da ke bayan motarmu, sai ya sauke yaran motarsa suka koma kan kaya, aka sa Hajara a gaba, na matsa kusa da ita. Haka muka isa asibiti. Aka shiga da ita aka yi mata aiki, aka ciro yaro da rai, ita ma Allah ya tashi kafaɗarta. Sai da na ji kukan jaririn sannan na yarda aka duba ƙafafuna. Ragowar daminar nan a zaune na yi ta, kin tuna kin dawo hutu kin tarar ana ɗaukata zuwa banɗaki.

Shi kuwa Sale da muka bari a hanya, wani direban babbar mota ne ya tsaya ya nuna masa abin da ya faru. Ashe a bayan dashbod, daidai saman ƙafar wanda ya zauna a gaba, akwai wani ɗan ƙaramin lagireto. Ruwan zafi daga injin yana shiga cikinsa ta tiyo ɗaya ya fita ta ɗaya, iska ta bi ta jikinsa ta ɗumama, ita ce hitar. Shi ne ya tsufa ya huje, shi ne yake ɗigo a shimfiɗa tun farko, shi ne ƙamshin, shi ne hazon. Garin Ɗan'asabe ya je ya cushe hanyoyin ruwa, ruwan ya rasa inda zai bi, ya fasa inda ya fi rauni. Direban ya cire tiyon biyu daga jikinsa ya haɗa bakinsu da juna ta cikin bonet, ruwa ya daina shiga ciki gaba ɗaya, suka cika lagireto da ruwan sama, Sale ya lallaɓo gida.

Ɗan'asabe ya zo dubiya da lemo a leda, yana ta jajantawa. Bai ambaci garinsa ba, ni ma ban ambata ba. Da na tambaye shi yaushe za a canza abin da ya fashe, sai ya ce, "Mama, wa yake bukatar hita a Jigawa? Yadda direban nan ya haɗa tiyon, ai shi ke nan, an gama. Kowa haka yake yi." Na gaji, ƙafa tana zugi, na ce to. Muka yi shekaru a haka. Duk damina Sale yana tuƙi yana goge gilashi da hula, ni ina gefe ina karanto duk addu'ar da na iya, da marasa lafiya a baya. Allah ne kawai ya tsare. Abin da aka yi a bakin hanya don a samu a isa gida, na mayar da shi gyara na dindindin, don kawai an ce mini kowa haka yake yi. In kika ji wannan kalmar daga bakin mai gyara, ko mai magani, ko shugabar makarantar da za ki koyar, ki tambaya a ranki: wa wannan sauƙin yake yi wa amfani, ni ko shi?

Da takardar aikinki ta fito aka ce Jos, sai na kasa sukuni. Garin da ake cewa sanyinsa yana shiga ƙashi, ga hazo a kan duwatsu da safe, ga ruwa kusan kullum, ke kaɗai a mota ba mai goge miki gilashi. Na ce wa Sale a watan jiya, tashi mu je Birnin Kudu. Aka kwatanta mana wani Malam Buba, dattijo, mai gareji a ƙarƙashin wata tsamiya. Ba shi da fara'a ko ta sisin kwabo. Na gaishe shi ya amsa da ka. Na yi masa bayani, ya buɗe ƙofa, ya kwanta a kan shimfiɗar ya leƙa sama da tocila, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa.

Ya ce, "Sai an cire dashbod gaba ɗaya. Sitiyari ma sai an sassauto shi. Aikin wuni ne, wataƙila ya kwana."

Na ce a raina, ga shi nan, zai warwatsa mini mota ya tsince masu kyau ya mayar mini da matattu. Na ce, "Don abu kamar faranti za a rushe gaban mota duka?"

"Hajiya, ba ni na ƙera ta ba. In akwai wata ƙofar, nuna mini in bi."

"To a gabana za a yi."

"Ga tabarma can. Amma ba na son surutu in ina aiki."

Muka rabu a kan zai faɗa mana ranar da za mu kawo ta, mu kuma mu nemo sabon ɗan lagireton. Ban san ta yadda labari ya kai kunnen Ɗan'asabe ba, ina zargin Sale, ko da yake ya musa. Washegari sai ga shi a ƙofar gida da kwali a hammata. Wai ya ji Auta za ta yi tafiya, shi ne ya sa aka kawo masa sabo dal daga Kano, ba sai mun wahala ba. Ya buɗe, abu yana ta ƙyalli. Babanku har ya fara godiya. Ni kuwa na karɓa na kai hanci. Warin fenti ne ya buge ni, ɗanye. Na kankare gefe da farce, baƙi ya fito a ƙasan fentin azurfar.

Na tuna yadda masu faci suke nutsa tub a ruwa su nemo huji. Na sa aka ciko mini bahon wanki, na aika aka aro famfon keke. Na toshe ɗaya daga bakunansa biyu da babban yatsana, Sale ya naɗe bakin famfon da roba ya cusa a ɗayan, muka nutsa shi. Na ce, "Buga." Yana bugawa sai ga kumfa tana tasowa daga kusurwa, siririya, a jere kamar tururuwa.

Na ɗago na dubi Ɗan'asabe. Na ce, "Wannan za ka sa a saman ƙafar 'yata?"

Ya leƙa bahon. Ya ce, "Mama, wallahi ni ma haka aka sayar mini."

"Kai da kake sana'ar, ba ka ji warin fenti ba?"

Ya ɗauki abinsa yana ɗigar ruwa, ya mayar a kwali, ya fita ko sallama babu. Babanku ya ce wataƙila gaskiya ya faɗa, zato zunubi ne. Wataƙila. Har yanzu ban sani ba ko cutata ya zo yi, ko shi aka cuta, kuma na daina wahalar da kaina a kan sani. Ko wanne ne, da a motarki zai ƙare. Ba sai kin tabbatar mutum mugu ne sannan za ki ƙi karɓar abin hannunsa ba. Zuciyarsa tsakaninsa da Allah ne, ke dai ki nutsa kayan a ruwa.

Sale da kansa ya je Kano ya sayo wani. Shi ma sai da ya sha baho, a gaban Sale ɗin, yana ta ɓata rai wai ban yarda da shi ba. Na ce masa ko ni na sayo sai na gwada. Ko kumfa ɗaya bai yi ba.

Ranar aikin tun da hantsi muna ƙarƙashin tsamiya. Na ga abin da ban taɓa gani ba. Malam Buba ya fara cire kan batir, ya zubar da ruwan lagireto, sannan ya bi dashbod yana kwancewa gaɓa-gaɓa, rediyo, agogo, akwatin gaba, har ya ɗago shi ɗungurungum ya jingine da bishiya. Motata ta koma kamar an feɗe rago, wayoyi ko'ina. Duk abin da ya cire na sa Sale ya jera mini a gefen tabarmata, ba wanda ya taɓa. Can ciki ya buɗe wani baƙin akwati ya zaro tsohon. Ya miƙo mini. Gefensa a tsage, cikinsa cushe da garin nan ya daskare kamar tuwon jiya. Na daɗe ina juya shi a hannuna.

Kafin ya sa sabon sai da ya yi ta ɗura ruwa ta tiyo yana fitarwa, jan ruwa yana fita, har ya koma fari. Ya sa sabon, ya sake tiyon biyu da sababbi, ya ɗaure, ya cika ruwa, ya tayar da injin tun bai mayar da dashbod ba, ya sa farin tsumma a ƙarƙashi muka zuba ido. Tsumma ya tashi a bushe. Wannan kam ya burge ni, amma ban nuna masa ba.

Washegari ya gama mayar da komai, ya miƙo makulli. Na duba kwanon da yake tara noti, na ga saura a ciki.

Na ce, "Malam Buba, waɗannan fa?"

"Kowace mota tana da rara."

"Wanda ya ƙera ta bai san lissafi ba ne?"

Ya harare ni, na harare shi. Ya ce shekarunsa kaza yana aikin nan ba a taɓa tsare shi haka ba. Na ce ni ma na yi shekaru ina nawa aikin, ban taɓa ɗinke mace in ce zaren da ya rage rara ne ba. Ya yi tsaki, ya ɗauki sukundireba, ya sake kwance akwatin gaba. Ya samo gurbinsu ɗaya bayan ɗaya yana gunaguni, sai guda ɗaya da ya rantse ba na motata ba ne, tun da can yana cikin kwanon. Na karɓe shi duk da haka, yana cikin akwatin gaba a ƙulle a leda. In kika ji wani abu yana kaɗawa a hanyar Ningi, kin san inda za a fara nema. Aikinsa ya yi kyau, ban hana shi ba. Amma ko shi ban ce ki rufe ido a kansa ba.

To ga abin da nake so ki riƙe. Kowace safiya kafin ki tayar, ki sa tafin hannu a shimfiɗar gefen fasinja. In kika ji danshi, ko ƙamshi mai zaƙi, ko kika ga gilashi yana maiƙo daga ciki, kada ki jira gobe. Idonki ya riƙa komawa kan allurar zafi, in ta wuce tsakiya ki tsaya ki kashe, kuma kada ki kuskura ki buɗe murfin lagireto da zafinsa. Kada ki bari kowa ya zuba mata gari, ko na wace ƙasa ne. Duk abin da aka ce an canza, a ba ki tsohon a hannu. Mutumin wayar nan kuma, ki ce masa motar lafiyarta ƙalau, in ta yi ciwo ke za ki neme shi. In ya ci gaba da kira, ki gaya wa maigidanki, ki kuma tambaye shi a ina ya san shi, ki ji ko amsarsu za ta zo ɗaya.

Na san kina cewa a ranki Inna ta cika zargi. Haka ne, kuma ban ce ki zama ni ba, don mai irin halina ba ya cika samun barci mai daɗi. Amma gara a ce miki mai tsanani da a zo miki jaje.

Da muka baro garejin za mu dawo gida, Sale ya kai hannu zai kunna hitar, sai ya dube ni ya fasa. Tun ranar Hajara ban ƙara sauke ƙafata a wurin nan ba, kullum a naɗe nake zama a kan kujera, kuna yi mini dariya kuna cewa zaman amarya. Na ce masa, "Kunna, ka kai ta ƙarshe." Na cire takalmana, na sauke ƙafafuna biyu a ƙasa, daidai ƙarƙashin inda sabon yake. Gumi yana karyo mini, ga zafin gari ga na hita, Sale yana cewa, "Yaya, ya isa haka, ai mun gani." Na ce bai isa ba. Tun daga Birnin Kudu har ƙofar gidanmu ban ɗaga su ba. Ba abin da ya taɓa su sai iska mai ɗumi. Sai a ranar na yarda in ba ki makulli.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya raba ki da sharrin ƙarfe da sharrin mai daɗin baki. Ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kuma ba ki idon gane su. Ya sa albarka a aikinki da aurenki, ya dawo mana da ke muna masu rai. Babanku yana sa miki albarka. Kawunki Sale zai raka ki har Jos ya dawo a motar haya, ki bar shi ya yi tuƙin duwatsun, amma ki riƙa duba but.

Na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Mahaifiyarki,
Hajiya Rabi
Gwaram